Daga Rajista Zuwa Waya: Yadda Labarin Ɗalibi Ke Isa Gida

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na malamai da wakilan iyayen yara





An nemi mu yi magana a kan abin da ake kira tsarin bayanan makaranta, da yadda yake shafar hulɗar malami da iyayen ɗalibi. Sunan yana da nauyi a baki, har wani zai zaci abu ne da ya zo tare da kwamfuta. Alhali duk wanda ya taɓa riƙe aji a firamare ya yi aiki da shi tun kafin ya mallaki waya. Akwai babbar rajistar shiga, inda ake rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da unguwarsu ranar da aka kawo shi, a ba shi lambar da za ta bi shi har ya gama aji shida. Akwai rajistar aji, wadda ake kira da safe kuma a sake kira bayan an dawo tara, a ja sanda ga wanda ya zo, a zagaya sifili ga wanda bai zo ba, ranar Juma'a a haɗa lissafin mako. Ga dayarin darasi, ga littafin tarihin makaranta da ke ofishin hedimasta, ga babbar takardar maki, sannan ga katin sakamako da ake bai wa yaro a ƙarshen zango. Waɗannan duka tsarin bayanai ne. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne inda ake ajiye su, da saurin tafiyarsu, da kuma idon da ke iya ganinsu.

A cikin waɗannan takardu duka, guda ɗaya ce tak aka yi domin ta shiga gida, wato katin sakamako, shi ma sau uku a shekara. Ɗan aikensa kuma shi ne yaron da katin ke ba da labarinsa. Idan ya zo na ɗaya ko na biyu, kati zai isa gida a guje, har maƙwabta su gani. Idan ya zo na saba'in da takwas, sai kati ya jiƙe a ruwa, ko akuya ta cinye, ko a ce malam bai bayar ba. Sauran labari kuwa da ƙafa yake tafiya. A tura monita da yara biyu su duba wane, kwana uku ba a gan shi ba. Malami ya tari uba a bakin masallaci bayan La'asar, ko a kasuwa, ko a wurin suna. Inda abin ya gagara a kai wa mai unguwa. Wannan hanya tana da jinkiri, kuma ta dogara ga malami ya zama ɗan gari ko ya san gari. Amma tana da abu guda da bai kamata mu raina ba: wanda ya kai labari yana dawowa da amsa. Monitan da aka tura zai dawo ya ce, ai yana kwance ba shi da lafiya, ko sun tafi gona, ko an kai shi wurin kawunsa a wani gari.

Da gwamnati ta fara tattara bayanai da gaske, sai ya zama hanyar da aka gina ta nufi sama. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kafa UBEC a tarayya, jihohi suna da SUBEB, ƙananan hukumomi suna da ofishin sakataren ilimi. Kowace shekara ana raba fom ɗin ƙidayar makarantu: yara nawa, mata nawa, maza nawa, azuzuwa nawa ne masu rufi, kujeru nawa, makewayi nawa, malamai nawa ne masu NCE. Hedimasta ya cike, a kai ƙaramar hukuma, a wuce da shi jiha, a shigar a rumbun bayanan da ake kira EMIS. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kano da Jigawa da Kaduna da Kwara da Legas da Enugu, ya yi aiki sosai wajen daidaita wannan ƙidaya, da kuma farfaɗo da kwamitocin gudanar da makarantu, wato SBMC. Babu mai musun amfanin ƙidaya. Ba a raba littattafai ko a tura malamai bisa kintace. Sai dai mu lura da alƙiblar tafiyar. Bayanin yaro yana barin ajinmu ya je hedikwatar ƙaramar hukuma, ya je babban birnin jiha, ya je Abuja, wani lokaci har ya tsallaka teku zuwa ga masu ba da tallafi, amma bai taka ƙofar gidan da ke bayan katangar makaranta ba. Jami'in da bai taɓa ganin garinmu ba ya san yara nawa ne a ajinmu na huɗu, mahaifiyar yaron da ke ajin kuwa ba ta san cewa ɗanta bai iya haɗa baƙi da wasali ba.

Yanzu ga sabon zamani ya shigo, kuma ta ƙofa uku ya shigo mana. Ta farko ita ce ta gwamnati: a jihar Edo tun 2018 aka raba wa malaman firamare ƙananan kwamfutocin hannu a shirin EdoBEST, da su ake karanta darasi, da su ake ɗaukar halartar malami da ta ɗalibi, kuma jihar Kwara ta bi sahu da KwaraLEARN a 2022. Ta biyu ita ce ta makarantu masu zaman kansu, inda uba ke shiga shafin makaranta da lambar sirri ya duba sakamako, kuma da yawanmu a wannan ɗaki mun san ta a matsayin iyaye. Ta uku babu wanda ya tsara ta, ita ta kawo kanta, wato zauren WhatsApp na aji ko na makaranta, da lambar wayar malami da ke yawo a hannun iyaye. A yawancin makarantunmu na gwamnati wannan ta ukun ita ce ke aiki a yau, kuma ita ce ba ta da doka ko ƙa'ida.

Mu fara da faɗin alherinsa, domin akwai shi. Babban alherin shi ne sauri, kuma sauri a maganar yaro ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya fita gida da kayan makaranta ƙarfe bakwai da rabi, bai iso aji ba, a tsohon tsari sai a yi mako biyu gida na zaton yana makaranta, makaranta na zaton yana gida. A tsakanin nan yana gidan kallo, ko bakin tasha, ko kududdufi. Idan akwai hanyar da sifilin da muka zagaya da safe zai zama saƙo a wayar gidansu kafin azahar, an toshe wannan rami. An gwada irin wannan a Amurka. Wani masani mai suna Peter Bergman da abokin aikinsa sun haɗa rumbun bayanan wasu makarantun sakandare na jihar West Virginia da na'urar aika saƙon tes, ta riƙa sanar da iyaye kai tsaye idan ɗansu ya yi fashin aji, ko bai kawo aikin gida ba, ko makinsa ya faɗi. Sun samu cewa faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, halartar aji kuma ta ƙaru. Abin da binciken ya tono shi ne cewa iyaye da yawa ba sakaci suke yi ba, labari ne ba ya isa gare su. Wannan kuwa mu ma shaidu ne a kansa. Sau nawa uba ya zo makaranta, aka buɗe masa rajista, ya riƙe baki ya ce wallahi kullum da hannunsa yake ba shi kuɗin tara?

To amma Amurka ba garinmu ba ce, kuma tambaya ta farko da za mu yi wa duk mai kawo mana manhaja ita ce: wayar wa saƙon zai shiga? A rajistarmu lambar uba ake rubutawa, domin shi ke kawo yaro, kuma sau da yawa shi kaɗai ke da waya a gidan. Uban kuwa yana kasuwa, ko yana kan babur, ko ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ba zai dawo ba sai damina. Wadda ke tashin yaro da safe, ta yi masa wanka, ta san ko ya ci abinci, ta san ranar da aka ɗora masa talla, ita ce uwa. Idan tsari ya tsallake ta, ya tsallake mutumin da ya fi kowa iya gyara abin gobe da safe. Ƙungiyoyin iyaye mata da aka kafa a makarantu da yawa sun nuna mana haka: mace ɗaya mai shiga gida-gida tana dawo da 'yan matan da takarda goma ba ta dawo da su ba. Sannan lambobi suna mutuwa. Waya ta ɓace, a rufe layi saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba kamar yadda aka yi ta yi tun ƙarshen 2020, mutum ya sauya layi ya manta da makaranta. Lambar da aka rubuta a aji ɗaya, da wuya ta kai aji huɗu tana shiga. Wani lokacin kuma tana shiga, amma a hannun baƙon da bai san yaron ba.

Tambaya ta biyu ita ce harshe. Manhajojin da muka gani da Turanci suke magana. Uban da ya yi karatun allo, yake karanta ajami kamar ruwa, ya haddace izu masu yawa, sai a aiko masa da saƙon da dole ya nemi mai karanta masa. Wa zai karanta masa? Yaron da saƙon ke ƙara a kansa. Mun koma gidan jiya ke nan, an dai sauya kati da waya. Ko da an ce a rubuta da Hausa, akwai wani ƙulli da masu tsara abin ba su cika sani ba. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka harafi mai ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma ɗaukar 70 kawai, kuɗin ya ninka, kuma a wasu ƙananan wayoyi harafin ya fito kamar akwati. Idan aka cire ƙugiya kuma, ɗa ya zama da, ƙasa ta zama kasa. Tun da aka ƙara kuɗin sadarwa a farkon 2025, tes guda ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa a nan ya san ajin da ke da 90 ko fiye. Saƙo guda ga iyayen aji mai yara 90 naira 540 ne, idan bai ninka ba. A lissafa sau nawa za a aika a zango, sannan a tambaya daga aljihun wa.

A nan akwai darasi daga ƙasar Botsuwana. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu kamar yadda ta rufe namu a watan Maris na wannan shekarar, wata ƙungiya mai suna Young 1ove da wasu masana sun gwada hanya biyu a kan dubban gidaje. Wasu gidajen ana aika musu saƙon tes mai ɗauke da lissafi kowane mako. Wasu kuma bayan saƙon ana kiransu a waya, a yi magana da yaro da mahaifinsa na kimanin minti ashirin. Inda aka haɗa da kira, yara sun ƙaru a lissafi ƙaruwar da aka iya aunawa. Inda aka tsaya a tes kaɗai, ba a ga wani bambancin kirki ba. Hausawa sun riga sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma idan zuwa bai samu ba, murya ta fi rubutu. Shi ya sa a zaurukanmu na WhatsApp saƙon murya ya fi komai tafiya: uwar da ba ta karanta boko tana sauraro, ta danna ta mayar da amsa.

Yanzu mu zo kan abin da muke ganin ya fi duka nauyi, wato abin da lamba ba ta iya ɗauka. Sifili a rajista kamanninsa ɗaya ne, amma dalilansa ba su ƙirguwa. Akwai sifilin ranar kasuwa, wanda duk malamin ƙauye ya san ranarsa tun kafin ta zo. Akwai na kaka, lokacin yankan gero da roron gyaɗa da wake. Akwai na zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina, lokacin da sulusin aji ke kwance. Akwai na yarinyar aji shida da ta fara girma, makarantar kuma ba ta da makewayi mai ƙofa, sai ta ɗauke ƙafa kwana huɗu ko biyar kowane wata, ba za ta faɗa wa kowa dalili ba. Akwai na yaron da takalminsa ya tsinke, ko rigarsa ta yage yana jin kunya. Akwai na wanda wani babban yaro ke tare shi a hanya ya ƙwace masa kuɗin tara. Malamin aji yana rarrabe waɗannan, domin yana ganin fuska. Na'ura kuwa saƙo iri ɗaya za ta aika wa duka: ɗanka bai zo makaranta ba yau. Babu sallama, babu ina gajiya, babu yaya iyali. A al'adarmu ba a faɗa wa magidanci laifin ɗansa a tsaye. Ana gaisawa, a yabi yaron da abin da yake da shi na kirki, sannan a shigo da maganar a hankali, domin a fita da shawara maimakon fushi. Saƙon da ya faɗo wa uba a tsakiyar kasuwa, bayan ya wuni bai yi ciniki ba, sau da yawa da bulala ake fassara shi da daddare. Washegari yaro zai zo, sifili ya koma sanda, wanda ke duba allon kwamfuta a ofis ya ce tsari ya yi aiki. Mu da muke ajin muna ganin yaron da ya daina ɗaga hannu, kuma ya ɗauki malaminsa a matsayin wanda ya kai ƙararsa.

Maganar maki ta fi wannan haɗari. Wata masaniya mai suna Rebecca Dizon-Ross ta yi bincike a ƙasar Malawi, aka buga shi a 2019. Ta tarar iyaye da yawa suna da kuskuren fahimta game da ƙoƙarin 'ya'yansu, musamman iyayen da ba su yi karatu mai zurfi ba, ko da yake makarantu suna ba da katin sakamako. Da aka zauna da su aka bayyana musu sakamakon dalla-dalla, sai suka fara zaɓar wa yara littafin da ya dace da matakinsu, wanda abu ne mai kyau. Amma wani abu ya biyo baya: yaran da suka fi ƙoƙari aka ƙara barinsu a makaranta, masu rauni kuma aka ƙara cire su. Mu tsaya a kan wannan. Talakan da ke da 'ya'ya bakwai, idan waya ta riƙa gaya masa kowane wata cewa wance ita ce ta kusa da ƙarshe, lissafi zai yi irin na mai ƙaramin jari. Zai ce wannan ba ta da kan boko, gara ta taya uwarta sana'a kafin miji ya fito. Alhali mu mun san yarinyar da ba ta iya karatu a aji uku ba, sau da yawa zango ɗaya na kulawa take buƙata, ko a matso da ita gaba domin idonta ba ya hango allo. Saboda haka ba mu goyon bayan a riƙa aika matsayin yaro a aji, na nawa ya zo, ta waya ba tare da baki ya raka shi ba. Abin da ya kamata ya je gida shi ne abin da uwa za ta iya aiki da shi: ya iya haruffa amma bai fara haɗa kalma ba, a sa yayarsa ta zauna da shi minti goma bayan Magariba.

Sai batun kuskuren bayani, wanda za mu taɓa a gurguje. A aji ɗaya za a sami A'isha Muhammad huɗu, Abubakar Sani uku. Yaro ɗaya a rajista Muhammadu ne, a gida Mamman, a kati Muh'd. Yaran da ba su da takardar haihuwa an cike musu ranar ɗaya ga Janairu. A takarda, malamin aji ya san wace A'isha ce ta gidan mai unguwa, wace ce ta bayan kasuwa. A rumbun kwamfuta kuwa, idan wanda ke shigarwa ya zame da layi ɗaya, makin wannan ya tafi gidan waccan, kuma uban da abin ya shafa ba zai nemi mai manhaja ba, ƙofar ajinmu zai zo. Kuma duk inda aka ɗaure rabon abinci ko kuɗin gudanarwa da yawan sunaye, an buɗe ƙofar da za a matsa wa na ƙasa ya rubuta abin da ido bai gani ba.

Akwai kuma sirri. A zauren iyaye an ga ana liƙa hoton babbar takardar maki, kowa ya ga na ɗan kowa. An ga ana jera sunayen waɗanda ba su biya kuɗin PTA ba. An ga ana ɗaukar yaro bidiyo yana kuka ko yana kasa karatu, a tura don raha, kafin yamma ya bar zauren ya shiga gari. Mutuncin gida ne ake taɓawa, kuma uban da aka kunyata a gaban 'yan unguwarsu ba ya sake zuwa taron makaranta. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanai, wadda ta ba bayanan yara kariya ta musamman, ta kuma sharɗanta yardar iyaye ko waliyyi a wurare da dama kafin a sarrafa su. Ya kamata reshenmu ya nemi masanin doka ya zo ya bayyana mana iyakarta, domin hannun da ke ɗaukar hoton kuma ya tura, galibi hannun malami ne. Kuma a yankinmu maganar ta wuce kunya. Bayan Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, babu mai hankalin da zai ɗauki jerin sunayen yara da hotunansu da unguwanninsu da lambobin iyayensu a matsayin abin wasa da za a bari a wayar da ba ta da makulli, ko a kwamfutar shagon buga takardu. Ta ɗaya gefen kuma, waɗannan ranakun sun nuna mana buƙatar murya guda da iyaye suka amince da ita. Jita-jita ɗaya a WhatsApp ta isa ta sa iyaye su cika ƙofar makaranta a guje, yara su tattake juna a hanyar fita. Makarantar da iyayenta suka san lamba guda ta hedimasta, suka san cewa duk abin da bai fito daga nan ba ba gaskiya ba ne, ta fi zama lafiya.

Ba za mu sauka ba tare da mun faɗi abin da ya shafi guminmu ba, domin taron ƙungiya ne. A duk inda aka kawo sabon tsari, ba a ɗauke tsohon. Rajistar takarda tana nan, mai duba makarantu zai nema. Ta waya ma tana nan, ofis zai nema. Aiki ya zama biyu, lokacin darasi kuwa bai ƙaru ba, kuma kiran sunan yara 90 sau biyu yana cin rabin darasin farko. Wayar tamu ce, datar tamu ce, kuɗin caji a shago namu ne, a garin da sai an hau tudu ake samun sabis. Lambarmu ta zama ta jama'a: a kira malami ƙarfe goma sha ɗaya na dare a tambaye shi ko gobe akwai makaranta. 'Yan'uwanmu malamai mata sun fi shan wannan, domin akwai kiran da ba na karatun yaro ba ne, kuma akwai gidajen auren da irin wannan kira ya jawo wa rigima. Wannan ba ƙorafin raggo ba ne. Malamin da aka mayar akawun shigar da bayanai ba shi da sauran lokacin da zai taka gidan yaron da ya ɓace, wanda shi ne aikin da babu na'urar da za ta yi.

Saboda haka abin da muke roƙon shugabannin reshe su ɗauka zuwa teburin tattaunawa a bayyane yake. Idan za a kawo tsari, a kawo shi da waya ko kwamfutar makaranta da layin makaranta, da datar da hukuma ke biya, kada a jingina shi da aljihun malami. A yanke wace rajista ce ta gaskiya, ta takarda ko ta na'ura, a sauke mana ɗaya. Saƙon da zai je gida ya kasance da Hausa, da murya inda ya yiwu, a rubuta lambar uwa ko ta wadda ke riƙon yaro tare da ta uba bisa yardar gidan, kuma a sabunta lambobi a farkon kowace shekarar karatu. Fashin kwana ɗaya na'ura tana iya sanarwa, amma idan ya kai kwana uku a jere, a bar wa malamin aji da ɗan kwamitin SBMC ko uwa daga ƙungiyar iyaye mata su je da ƙafa, a kuma lissafa wannan zuwan a cikin aikin malami. Muna kuma son hanyar ta zama mai dawowa, yadda uwa za ta iya sanar da makaranta cewa yaro na kwance, a rubuta dalilin kusa da sifilin. Bayanan ƙidayar da muke cikewa kowace shekara su ma a dawo mana da su a takarda guda, a karanta wa iyaye a taron PTA, su ji da kunnensu yara nawa ke zaune a ƙasa, malamai nawa suka rage.

Abin da ba ya jiran izinin kowa kuwa shi ne ƙa'idar zaurukan WhatsApp, kuma muna ba da shawarar a fara da ita a wannan zangon: kada a saka makin yaro ko hotonsa ko bashin mahaifinsa a zaure, a tsayar da lokacin kira daga safe zuwa La'asar a ranakun aiki, kuma sanarwar rufe makaranta ko ta tsaro daga bakin hedimasta kaɗai za ta fito. Muna roƙon sakataren reshe ya karɓi sunayen malamai uku da iyaye biyu, mace da namiji, da za su rubuta daftarin a shafi guda, a kawo shi taro mai zuwa a karanta a gyara.